Duniya ta Gaba

"Jefa mana, Matuƙi," in ji ƙanwarsa, tana kiransa da sunansa na wasa.

Dayis, ƙwayar wasa mai lamba ɗaya zuwa ashirin, yana tafinsa, amma ko nauyinsa ba ya ji. Sati bakwai ke nan ɗan jirgin samaniyarsu na wasa yana tsaye kan taswira a teburin falo, a bakin ƙofar da ta raba duniyar toka da wadda ba su taɓa shiga ba. Matarsa ce mai jan wasan. Ita ke ƙirƙiro duniyoyin a littafinta, kuma ba a leƙawa. Wata Talata ta yanke jiki ta faɗi a kicin, ba ta sake tashi ba.

Dokarta ita ce, ƙasa da goma ƙofa ba ta buɗuwa.

Ya saki dayis. Ɗaya.

Ƙanwar ta buɗe littafin don ta karanta hukunci, ta duba shafin, sai ta miƙa shi. Abokinsa, Makanike a wasan, ya karɓa ya karanta:

"Duniya ta gaba babu ni a ciki, likita ya gaya mini tun bara. Na san Matuƙi, hannunsa ba sa'a. Ko nawa ya jefa, ku ce ya ci."

Matuƙi ya zuba wa dayis ido.

"Ka ci, Yaya," in ji ƙanwarsa, ta tura jirgin gaba.