Abin da Tafinta Ta Faɗa

"Gaya mata ban taɓa daina nemanta ba," in ji tsohuwar, tana kuka, riƙe da hannun 'yarta da aka kai Faransa tun tana jaririya.

Tafinta Eun-sil, mai digiri na biyu a adabin Faransanci, ta dubi baƙuwar, ta ce da lallausan Faransanci, "Wai me ya dawo da ke nan birnin Busan? Kin tona mata asiri."

"Ki ba ta haƙuri," baƙuwar ta ce, ta zare hannunta, ta fice.

"Me ta ce?" in ji tsohuwar.

"Wai har abada ba za ta yafe miki ba."

"Wayyo! Don wannan ranar fa na sa ki karatun nan!"

"Na sani, Umma. Kullum sai kin faɗa min." Eun-sil ta share mata hawaye. "Yanzu ni kaɗai gare ki."