Tafin Hannun Yaya

Iska ta buga ƙofar ofishin likitar ƙwaƙwalwa da ƙarfi, sai ga ni a ƙarƙashin gado ina 'yar shekara bakwai. Baba yana farfasa kwanuka kamar yadda ya saba, Yaya ta toshe min kunnuwa da tafin hannunta mai ƙamshin sabulun wanki.

"Dawo nan," in ji likitar a hankali. "Faɗa min abu biyar da kike gani."

"Tebur, labule, biro, fanka, takalminki."

"Huɗu da kike taɓawa fa?"

Na lissafa mata kujera, zobena, bakin mayafina da sanyin siminti a ƙafata. Na kawo sauti uku da nake ji. Muryar Baba ta fara yin nisa, hannun Yaya ma ya fara sakina. Sai na daina lissafin.

"Wata shida ke nan kullum a nan kike tsayawa," ta ce. "Dabarar ce ba ta yi miki?"

"Tana yi, likita, ai shi ne damuwata. In na ƙarasa zan dawo ɗakin nan lafiya lau, Yaya kuwa a can kaɗai nake samunta. Ko shekara sha biyar ba ta kai ba ta rasu."

Na ɗaga hannuwana na rufe kunnuwana da kaina. Da ɗuminsu, kuma da safen nan na yi wanki.

"Biyu da nake shaƙa," na ce. "Turarenki, da sabulu."