Gaisuwar Malam Tanimu

Tun da aka rufe asibitin garin, ta faifan tauraron ɗan'adam da ke kan rufin ɗaki ake ganin likita, minti biyu ga kowane gida a wata. Magana kuwa sai ta je sama ta yi zamanta kafin ta sauko.

Malam Tanimu ya zauna gaban allon na'urar ganin likita. Matarsa Tabawa na kwance, ƙafafunta a kumbure.

"Malam, bar gaisuwar nan, faɗi ciwon," in ji ta.

"Haba, mutum da girmansa?" Ya gyara hula. "Likita, ina kwana?"

Aka jima kafin amsa ta iso. Malam ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Allon ya yi duhu, sai kuma wata mai zuwa.

Can muryar likita ta faɗo: "Baba, wa ke ciwo?"

Tabawa ta juya fuskarta bango.