Takardar da Ta Rage

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Bayan la'asar Baba yana wanke motar kafil ɗinsa, Balaraben da ya ɗauke shi aiki, a unguwar Al-Badi'a, ni kuwa ina karanta masa tsohon littafin da masu gidan suka yar. Na zo kan Lindisi, wata ƙaramar masarautar Ingila ta dā, wadda maƙwabta suka haɗiye. Sunayen sarakunanta kawai suka rage.

Ya ce, "Wa ya rubuta labarinsu?"

Na ce waɗanda suka cinye su.

Ya matse tsumma. "To, ba labarinsu ba ne."

Yanzu Baba yana maƙabartar Al-Naseem, kabarinsa ba suna. Iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ita kaɗai gare ni, kuma kafil ne ya sa aka rubuta a kanta: direban gida.