Kwalaben da Aka Aika Birni

Kai da kake cewa kunya ba ta taɓa cutar da kowa ba, ji wannan.

A gindin wani dutse akwai ƙauye, a kan dutsen kuma ana haƙar kuza. In an wanke kuzar, sai a tara laka da dagwalon da suka rage a wani ƙaton kududdufi da aka yi wa ganuwar ƙasa. Ta ƙarƙashin ganuwar rafi ya bi ya gangaro ƙauyen. Shi ake sha, da shi ake ban-ruwa. Wata rana hukuma ta aiko wata mata mai gwajin ruwa. Ta ce tana neman amintaccen mutum wanda duk wata zai cika kwalba a rafin, daidai inda ya baro ganuwar, ya ba direban motar kasuwa ya kai mata birni. Gari ya haɗu a kan wani dattijo manomin albasa, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma lambunsa ne na farko da rafin ke shayarwa. Ya karɓi kwalaben da hannu biyu.

Ranar farko ya tsuguna ya cika kwalba, ya ɗaga ta a rana. Jawur take, da wani maiƙo a sama, ga ƙarni kamar na fartanyar da ta shekara a ruwa. Shi a gidan ubansa, ko maƙiyi ne ya yi sallama, sai an zaɓi ƙwarya mai kyau kafin a miƙa masa ruwa. Yanzu a ce ruwan garinsu ne zai shiga birni, gaban masu ilimi, da wannan kama? Ya tace da bakin rawaninsa. Rawani ya rine, ruwa bai sauya ba. Sai ya zubar, ya ɗauki sanda, ya kama hawan dutsen da gwiwarsa mai ciwo. Ya wuce kududdufin, ya wuce mahaƙar, har ya kai wani marmaro can sama, inda ruwa ke fitowa garau daga tsagar dutse. Nan ya cika kwalbar, ya goge ta, ya naɗe ta a farin ƙyalle. Ya sauko yana ɗingishi, ransa fari, ya fitar da garinsu kunya.

Takarda ta dawo daga birni: ruwa lafiya lau. Wata na biyu ma haka, na uku ma haka. Mai mahaƙar ya riƙa liƙa takardun a bangon ofishinsa, a jere. A lambu kuwa ganyen albasa ya yi rawaya, kawunan suka tsaya kamar goro. Kwaɗi suka yi ƙaura. Agwagin matarsa suka daina shiga rafin, suka koma kiwo a tudu tare da kaji. Mutanen gari suka tafi kai kuka, mai mahaƙar ya nuna musu bango kawai. Manomin yana cikin masu kukan, shi ne ma ya fi kowa ɗaga murya. A hanyar dawowa yana ta mamakin injin birni da ya kasa ganin abin da agwagwa ta gani.

A wata na tara kukan ya kai kunnen mai gwajin ruwan, ta zo da kanta. Da manomin ya ji tana tafe, ya sake hawan dutsen tun da safe, don baƙuwa ba ta shan ruwan banza. Ta sha, ta yaba, ta tambayi inda ya samo.

"Can inda nake ɗebo miki kullum, 'yata," ya ce, ya nuna ƙololuwar dutsen.

Ta ajiye ƙwaryar a hankali. "Baba, na rafin fa?"

"Wanda akuya ke shinshinawa ta juya? Shi zan aika wa mutum?"

Ta tafi rafin ta cika kwalba da hannunta. Kafin sati biyu ma'aikata suka zo, suka tarar ganuwar tana yoyo ta ƙasa, aka toshe. Rafin bai washe ba sai bayan damina biyu. Albasar da manomin ya tona a shekarar, matarsa ta kwashe ta a faifai ɗaya. Gwiwar kuwa daga nan ba ta sake hawan ko tudun tururuwa ba.

To, ka dai ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.