Kabarin Wazirin Ingila

Motar ta bar Harami bayan la'asar, Malam Ja'afaru kuwa bai kai ƙarshen labarin ba.

Tarihin Turawa ya koyar a Zariya, kafin tsufa ya kawo shi unguwar Kudai, kusa da Harami, wajen ɗansa Mukhtaru. Yanzu sunaye na zube masa kamar gero daga ɓulallen buhu. Abu guda ya rage: wani wazirin Ingila na zamanin da, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nazari a kansa. Sunan wazirin ma ya tafi.

Matarsa Hadijatu ta sha jin labarin, amma kullum barci ke sace ta kafin ƙarshe. Kwanan baya, tana kwance da zazzaɓi, ta ce, "Malam, wai ina aka binne mutumin nan naka?" Ya buɗe baki, amsar ta gudu. Ya yi mata alkawarin zai gaya mata. Yau yake son cikawa, kafin sauran labarin ya bi sunan.

A cikin motar, ya sunkuya kusa da kunnenta, ya ci gaba da labarin. Wazirin nan ɗan mahauci ne, Hajiya. Ya yi karatu har sarki ya damƙa masa hatimi. Ya rushe gidajen ibada, ya gina fada da duwatsunsu. Tun yana da rai ya sa aka sassaƙa masa kabarin baƙin dutse, sunansa da ruwan zinare.

Ƙanshin kafur ya cika motar. Direban bai tsaya ɗaukar kowa ba. Ta taga tantunan Mina suka wuce, farare, babu kowa a ciki. Malam ya ji kamar wani mai doguwar riga na zaune bayansa, yana jiran a faɗi inda yake kwance.

Sai sarki ya juya wa wazirin baya, Hajiya. Aka ƙwace hatimin, aka ƙwace fadar. Sai me?

Mukhtaru ya riƙe wa mahaifinsa hannu, idanunsa jajur.

Motar ta tsaya. Malam ya leƙa: fili shimfiɗe, ƙananan duwatsu, babu rubutu ko ɗaya. Nan take abin ya faɗo masa.

"Na tuna, Hajiya. A hanya ya mutu. Kabarin dutsen, wani aka sa a ciki. Shi rami aka yi masa, ba suna." Ya juya ga ɗansa. "Ka gani? Ta sake yin barci. Kar ka tashe ta."

"To, Baba," in ji Mukhtaru. Ya buɗe ƙofar baya, ya kama kan makarar mahaifiyarsa.