Gishirin Jinin Inna

"Mati, matso kusa mana."

Safinatu ta saki cokali. Kwana uku da yi wa mahaifiyarta aikin ƙashin ƙugu a Gumel, ga tsohuwar tana hira da kujerar da ba kowa a kai. Mati sunan babansu ne, shekara tara da rasuwa. Duk zamansu Inna ba ta taɓa faɗin sunan ba, "Malam" take cewa.

Dangi suka ce iska ce. Likita ya auna jini.

"Gishirin jininta ne ya sauka. Yakan sami tsofaffi bayan aiki, ya rikita su."

Aka rage mata shan ruwa, aka ba ta ƙwayar gishiri. Inna ta dawo hayyacinta.

Mako guda da komawarsu Ɗanzomo, Safinatu ta sake jin sunan daga ɗaki. Ta faɗa ciki. Jarkar ruwan da ta cika da safe ta ƙare. Ta ɗaga matashin kai, sai ga ƙwayoyin gishiri bakwai a jere.

"Inna! Kashe kanki za ki yi?"

Tsohuwar ba ta ɗauke ido daga bakin gado ba.

"Rage murya, 'yar nan. Da ƙyar na samu ya dawo."